Rumfar da ta Ja Mini Magana

Masu karatu, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta rubuto wai na cika yabon Abdulwahab kamar biyana yake yi. Baiwar Allah, gyara zama ki ji na yau, in kin gama sai ki gaya mini ko ke za ki iya yin shiru.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Raihanatu. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Ibohamane, kuma tun da aka gama girbi ni da Innata da Ummusalma, matar yayana Saleh, muke fita aikin gyaran fako a tudun da ke gabas da gari. Maza na haƙa ramukan rabin wata, mu mata muna ɗauko duwatsu a tasa muna jerawa don su tare ruwa in damina ta faɗi. Abdulwahab shi ne shef, wato shugaban wannan aiki. Shi ne kuma ya tura aka gaya wa Baba Mutari, ƙanen marigayi mahaifinmu, cewa yana sona. Baba ya ce zai yi shawara, yana nan yana shawarar har yau.

Abdulwahab ɗan Madawa ne, a Tawa ya yi karatu, kuma ranar da ya fara zuwa mana sai da ya ba mu dariyar da har yanzu ba a gama ba. Ya zo a kan babur da malafa da wata riga mai aljihu ta ko'ina. Bai ma gama kafe babur ɗin ba ya hango wata mai goyo tana haurowa da tasa cike a kanta, sai dutse ɗaya ya zame ya wuce ta gefen kan jaririn ya faɗi ƙasa. Ita ko juyowa ba ta yi ba, mu ma ba mu damu ba, don mun saba gani. Shi kuwa ya busa usur har sai da kunnena ya yi ƙara, ya tara mu.

"Daga yau babu wadda ka ƙara ɗaukar dutsi da jinjiri ga baya," in ji shi. "Za a yi rumhwa, a aje yara ciki. In na busa, masu goyo su tai su ba da nono, ba a cire ma kowa komi."

Mata suka fara "madalla, madalla". Da nan ya tsaya da ya tsira da mutuncinsa. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma duk macen da ta san tana da ciki, ta ɗaga hannu."

Jama'a, zo ku ga kunya. Kowa ta sunkuyar da kai, surukai na kallon gabas, matan ɗiyansu na kallon yamma. Can sai tsohuwa Yelwa, ungozomar garinmu wadda haƙoranta ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, ta ɗaga hannu sama.

"Ga ni, shef. Yau ko gobe nika haihuwa."

Har maza sai da suka yar da diga don dariya. Na ga kunya ta rufe shi, na ce a raina wannan ba zai ƙara tayar da maganar ba. Ashe ban san shi ba tukuna.

Kafin sati ya zagayo rumfa ta tashi, ta zana mai kauri, da tabarmi da gidan sauro da jarkoki na ruwa a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Shi da kansa ya kafa dirkokin. Masu goyo suka ji daɗi, yara suka daina kukan rana. Amma masu ciki ko ɗaya ba ta leƙa ba, don tuni mutane suka sa mata suna rumfar masu ciki, kuma zama cikinta daidai yake da ɗaukar ganga ki zagaya gari. Ku kanku kun san halinmu, mace ba ta faɗa da bakinta, balle na fari, balle a gaban uwar miji. Ga kuma tsoro, don wanda ya riƙe aikin kafin shi da ya ga ciki ya fito yake cewa a koma gida a huta, hutun da babu ko sisi a cikinsa.

Ni duk wannan bai dame ni ba sai ranar da na zagaya bayan rumbu da safe zan kwance akuya. Na tarar da Ummusalma a durƙushe tana amai, don Inna ta jefa daddawa a miya. Zanenta ya ɗan saki, sai na ga wani tsohon ɗankwali ɗaure tamau a cikinta, har ya yi mata shaida a fata.

"Ummu! Mi na ag ga haka?"

Ta kama hannuna da ƙarfi. "Raiha, don girman Allah. Ki rantse ba ki hwaɗa ma kowa."

"Da wanga abu kika ɗaukar dutsi kullum?"

"In ban ɗauka ba kowa ya sani. Da wane ido zan dubi Inna?"

Yayana Saleh ya tafi Abijan neman kuɗi bayan girbi, ba ta da wanda za ta gaya wa. Yarinya ce mai sanyin hali, in tana magana sai kin matso. Na rantse mata, ina rantsuwar ina jin haushin kaina. Ranar kuwa duk tasar da ta ɗauka a tudu, ni nake jin nauyinta a ƙirjina.

Da la'asar ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsefe kai, waya ta yi ƙara, saƙon Abdulwahab ne.

"Raihana, kin wuni lahiya? Yau na ga huskarki ba daɗi."

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Daga ƙarshe na tura: "Shef, rumhwarka ba ta aiki. Waɗanda ka yi don su suna bisa tudu."

"Na sani. Kar ki hwaɗa min sunan kowa, ban so in sani. Ni na yi kuskure tun hwarko, na kunyata su gaban surukansu. Ba ni kwana kaɗan."

Ku dubi wannan magana. Namiji, mai babur da albashi, yana cewa shi ya yi kuskure. Na karanta saƙon ya fi a ƙirga, har Inna ta ce in ban tashi na ɗora tuwo ba za ta jefa wayar a rijiya.

Abin da ya yi shi ne ya sayi goro da sukari ya tafi gidan tsohuwa Yelwa, wadda ta yi masa tsiya a gaban jama'a, ya zauna a ƙasa ya gaishe ta. Ita ta ba ni labari daga baya. Ya ce mata za a buɗe wurin renon itatuwa a gefen rumfa, aikin zaune ne a inuwa, cika ƙananan leda da ƙasa da shuka iri, kuma biya ɗaya da na masu dutse. Ya ce ita za ta zaɓi masu yi, don idonta na ganin abin da nasa ba ya gani. Sharaɗinsa ɗaya, ta cakuɗa. Ta sa tsofaffi, ta sa masu goyo, ta sa ƴan mata, yadda ko shi ba zai gane don wa aka yi ba.

"Yaron ga yana da kai," in ji Yelwa. "Bakinai ne dai ya riga hankalinai isowa garin ga."

Da Yelwa ta kira sunan Ummusalma sai ta ƙi motsi, ta ce ita da dutse ta saba. Na san ba za ta je ita kaɗai ba, sai na yi wuf na ce, "Iya, ni ma wuyana ya gaji, sa ni." Yelwa ta dube ni, ta dubi Ummu, ta ce mu wuce.

Kwanakin da suka biyo baya, wallahi na ji daɗinsu. Abdulwahab ya sa aka sassaƙo mana kujeru ƴan tsugunne don kada a yini a duƙe. Maganin ƙwarin da ake cuɗa iri da shi kuwa ya hana kowa a cikinmu taɓawa. Can nesa yake zuwa ya sa safar hannu ya rufe hanci ya cuɗa da kansa, ya wanke hannu da sabulu kafin ya matso inda yara suke. In buhun taki ya zo, maza yake kira su sauke. Bai taɓa tsayawa ya ƙare wa wata kallo ba, daga bakin rumfa yake sallama idonsa a kan ledoji. Maza suna masa ba'a, suna ce masa shef na masu jego, shi kuwa sai ya ce ai duk mai jego ce ta haife su. Ummu ta daina ɗaure ciki, ta koma sa babbar riga, fuskarta ta ciko, har waƙa na ji tana yi ƙasa ƙasa. Ni kuwa ina cika leda ina satar kallonsa, ina cewa ya Allah, in ba wannan ba to a bar ni haka.

Sai ranar sunan ɗiyar maƙwabtanmu. Na ci ado, ba ƙarya: atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin garin Keita, riga mai faɗi irin wadda ake yayi, gyale ruwan madara, ga lalle ya kama. Ina shiga na ji hira ta tsaya. Sabuwa, wadda in labari bai zo mata ba takan bi shi har gida, ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a tsakiya.

"Raihanatu, inuwa ta karɓe ki. Har kin yi ƙiba."

"Tuwon gidanmu na, Sabuwa. In kina so in aiko miki."

"A'a, ni ban iya cin irin wanga tuwo. Mu dai munka ga budurwa cikin rumhwar masu ciki, kuma mai rumhwar shi ka zuwa zance gidansu. Ba mu ce komi ba."

Sai a lokacin na gane. Akwai wasu ƴan mata biyu a rumfar, amma ba wadda shef ke nema sai ni. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, shi ma bai kawo ba, Yelwa da duk wayonta ba ta kawo ba. Na buɗe baki zan wanke kaina, kalma ɗaya ta isa, sai na hango Ummu a bakin murhu tana riƙe da ludayi, idonta a kaina kamar akuyar da aka kai kasuwa. Na haɗiye maganar. Na ce wa Sabuwa Allah ya isa, na fita ko fura ban sha ba.

Kafin rana ta yi sanyi magana ta kai wa Baba Mutari. Ya shigo gidanmu ko sallamar kirki babu, ya tsaya a tsakar gida da carbi a hannu.

"Wane irin namiji na wanga da ba shi da aiki sai lissahin cikkunan matan mutane? Kuma mi ya kai ɗiyarmu cikinsu? Na aika mai. Ran Juma'a in an sauko masallaci shi zo shi hwaɗa min don wa anka yi rumhwar ga. In ba shi da amsa, kar in ƙara ganin babur nai ƙohwar gidan ga."

Da ya fita Inna ta ci gaba da tankaɗe. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Gobe ki ɗauki gammonki ki koma dutsi. Ki ɗauki wanda ya hi na kowa, gari shi gani."

"Inna, ke ma kin yarda da maganar Sabuwa?"

"Ni na haihe ki, na san abin da na haihwa. Amma ba ni ɗai ka zama garin ga ba."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi kuka mai isata, sannan na jawo waya.

"Ka ji abin da rumhwarka ta ja min?"

"Na ji. Raihana, ki gahwarce ni. Na tsare mutuncin wasu na bar naki a waje."

"Ran Juma'a mi za ka ce ma Baba?"

"In ce mai ke ba ki da laihin komi, in rantse in yana so. Amma sunan wata ba ya hita bakina. Ban sani ba, kuma ko na sani ban hwaɗi. Ranar da na hwaɗi guda, duk sauran sun koma bisa tudu."

"Ko da shi hana ka ni?"

Ina ganin alamar yana rubutu tana ɓacewa, can sai saƙonsa ya shigo.

"Ina sonki, Allah ya sani. Amma ban iya sayen aurena da cikin wata."

Masu karatu, na ji haushinsa, kada in yi muku ƙarya. Na so ya ce zai yi komai don ni. Amma ina jin haushin ina jin sonsa na ƙaruwa, har na rasa wanne zan fara ji. Na kife wayar.

Da safe na sa tsohuwar rigata ta aiki, na naɗa gammo, na ɗauki tasa. Ina fitowa na ga Ummu a bakin ƙofa, ita ma da gammo da tasa. Daga yadda take numfashi na gane ta sake ɗaure cikin.

"Ina za ki?"

"Inda za ki."

"Ummu, ki koma rumhwa. Ni ban da komi, ko tudun duka anka aza min ina ɗauka."

"In kin hita ni na zauna, kowa ya gane. Kuma don ni anka ɓata miki suna, in zauna inuwa ke kina rana? Ban iyawa."

"To in hwaɗa ma Inna."

"Kin rantse, Raiha."

Haka muka hau tudu, Inna a gaba, mu a baya. Da muka wuce rumfa ba mu tsaya ba na ga Yelwa ta miƙe tsaye, ta dafa dirka. Mata kuwa sun baza ido, Sabuwa har da gyara tsayuwa. Abdulwahab yana wurin tulin duwatsu tare da mazan da ke aza wa mata kaya. Da ya gan mu mu biyu fuskarsa ta canza. Ya dubi Ummu sau ɗaya, ya kawar da kai, na san a lokacin ya gane abin da bai so ya sani ba. Hannunsa ya tafi kan usur, na ga yana shirin tsayar da aikin gaba ɗaya.

Ummu ta riga shi. Ta ajiye tasa, ta cika ta da duwatsu da sauri, ta duƙa ta kama gefenta za ta ɗaga. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, na ga ta cije leɓe. Rantsuwa ko ba rantsuwa, na buɗe baki.

"Ummusalma! Aje shi!"

Ba muryata ba ce. Inna ce. Saleh ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle na matarsa. Tun da aka kawo Ummu gidanmu "ke" ce, ko "yarinyar ga". Yau ga sunan a bakinta, da ƙarfi, a gaban maza da mata.

Ta tako ta ture tasar da ƙafa, duwatsun suka watse. Ba ta dubi fuskar Ummu ba, amma muryarta ta sauka.

"Kina tsammani ban da ido? Don wa na bar sa daddawa ga miya? Kwance abin ga da kinka ɗaure, ki wuce rumhwa. Kunyar ta ishe mu haka nan, ni da ke duka."

Ummu ta ja gyale ta rufe fuska ta fashe da kuka. Yelwa ta hauro da sandarta ta kama hannunta suka gangara. Ba a yi nisa ba sai ga wata matar ta ajiye tasarta a hankali ta bi bayansu, kanta a ƙasa. Sai wata ma. Ba wanda ya yi dariya.

Na sauke ajiyar zuciya, na juya zan bi su. Inna ta tare ni da hannu.

"Ke ina za ki? Naki yana nan. Sai kin kai shi bisa."

Na dubi Abdulwahab, ina jiran ya ce a'a, shi da ba ya son ganin mace da kaya mai nauyi. Ya dubi Sabuwa da sauran masu kallo, ya dube ni. Sai ya duƙa ya zaɓo wani dutse da ya cika tasar shi kaɗai, ya gwada nauyinsa a hannu tukuna, ya ɗaga ya aza mini a kai a hankali, bai saki ba sai da ya ga wuyana ya tsaya daidai.

"Kina iyawa?" ya tambaya ƙasa ƙasa.

"Saki ka gani."

"To ki taka sannu, ki bi ta gabansu. Ni nawa yana jirana ran Juma'a."

Na bi ta gaban Sabuwa da dutsen a kaina, na ce mata sannu da aiki. Sai da na kai saman tudu na sauke, na juyo ina haki, sannan na hango wani mutum da farar riga tsaye a gindin tudun, hannunsa a baya da carbi. Ban san tun yaushe Baba Mutari yake wurin ba. Bai jira Juma'a ba, ya ɗaga hannu ya yafuto Abdulwahab.